Addu'ar da Na Yi a Gindin Dogonyaro

Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin wanda na yanke wa kaina ya fi naku zafi.

Ni Kirista ce, daga Filato muke. Aikin gwamnatin Jihar Kebbi ne ya kawo maigidana Birnin Kebbi, muna haya a Badariya. Ina da aminiya, bari in kira ta Ladi. A zumuntar mata ita ke buga tulu ni ke ba da waƙa, har ana tsokanarmu wai zani ɗaya muke ɗaurawa. Bara da bazara ƙyanda ta shigo unguwa ta kama ɗana da nata, aka kwantar da su asibiti gado kusa da gado. Ladi sai ta durƙusa a tsakiya, hannu ɗaya kan nata ɗaya kan nawa, ba ta taɓa ambaton ɗanta ta bar nawa ba. Ni kuwa bakina ya mutu, ko amin da ƙyar nake cewa. Ranar da jikinsu ya tsananta, da rana tsaka, na fice na tsaya gindin dogonyaro na ce, "Ya Uba, in dole sai ka ɗauki ɗaya, kada ya zama nawa." Ita ke nan addu'ar da na yi. Kuma kada in yaudare ku, na san ko wane ne ɗayan. Kafin la'asar ɗan Ladi ya cika. Washegari nawa ya buɗe ido ya nemi kunu.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Maigidana ya ce sai mun yi godiya a coci. Muka shiga da rawa, da ƙwaryar shinkafar Zauro a kaina, Fasto ya ce in ba da shaida. Ni kuwa akwai baki, in na ga jama'a sai harshe ya kwance. Na ce na yi azumi, na ce na yi kokawa da Allah ban sake shi ba sai da ya amsa. Ƙarya ce tsagwaronta! Mata na guɗa, na hango Ladi a bencin baya, idonta a kumbure, tana tafa mini.

Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar rai ba. In Allah ya ji tawa, wane irin Uba ne zai bar mai roƙa wa yara biyu ya saurari mai son kanta? In kuma ba tawa ya ji ba, me yaron nan ya yi? Ana ce mana Allah ƙauna ne, na yarda, a kai aka raine ni, to ina ƙaunar take a ranar nan? Fasto ya taɓa cewa a wa'azi, ba a ba mu dalilin kowace wahala ba, amma Allah ba daga nesa yake kallo ba, shi ma Ɗansa ya mutu a kan gicciye yana gani. Na yi kuka sosai. Inna mai gidan da muke haya, tsohuwa Musulma, ta gan ni ina ramewa ta ce, "Ke ɗiyata, mi ad damuwarki? Ba mai mutuwa da kwanan wani. Mai abu ya amshi abinai." Ta faɗa ne ba ta san komai ba. Kaina ya yarda da su duka biyun, zuciyata ce ta ƙi.

Yanzu an mai da mijin Ladi Argungu koyarwa, kuma tana da tsohon ciki. Na je duba ta makon jiya, na tarar ta zama kamar kara. Ta soya mini kifi, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ashe azumi take ta jerawa, da cikin nan, mijinta ya yi faɗa har ya gaji. Na ce, "Ladi, ki ji tsoron Allah ki ci abinci." Sai ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ke da kika yi azumi ai an ji ki. Ni ban san inda na kuskure ba. Ba zan iya sake binne wani ba." Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ɓige da yabon kifi.

In na yi shiru, ƙaryata na iya kashe ta da abin da ke cikinta. In na ce ban yi azumi ba, za ta tambaye ni to me na yi, kuma Ladi ba a yi mata rabin magana. Ranar Asabar za ta shigo motar Argungu ta zo gidana. Ta ce in ɗora hannu a kan cikinta in maimaita addu'ar da na yi a asibiti, kalma bayan kalma, kada in rage ko ɗaya.

Jama'a, me zan yi?