Shafin da Khalid Bai Rubuta Ba

Unguwar Birni, Damagaram

Zuwa ga ƙanena Khalid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya zafin Yamai, ya aiki? Mu nan kalau muke. Inna tana gaishe ka, maigidana ma haka.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka kamuwa. Kafin in rufe baki ka ce lafiya lau, ka sako zancen damina.

Ka roƙe ni in auna jagoran da ka rubuta kafin ka miƙa wa shugabanninka, tunda ni ke koyar da ɗalibai ordinatar, wato kwamfuta, a lekol. Inna ta tambaye ni wane irin aiki ne wannan. Na ce mata manoman kopiratif, ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa, suna kai buhunan gyaɗa, ana shigar da su a blokcen, wato rumbun bayanai da abin da ya shiga ba ya goguwa. Kai kuma ka haɗa manhajar da na'ura mai basira, wadda kuke kira IA, za ta riƙa leƙa rumbun da ita tana ba manoma amsa a waya. Jagoran naka shi ne yake koya wa na'urar yadda za ta yi tambaya. Inna ta ce ashe baƙo kake nuna wa hanya, baƙon da ba shi da wanda zai tsayar ya tambaya. Ni ma da wannan idon na karanta.

Rubutunka ya yi kyau, har na ji alfahari. Kowane umarni da misalinsa. Sai na gwada da Kawu Habu na Zermu, wanda na san da safiyar ranar ya kai gyaɗarsa. Na'urar ta ce babu shi a rumbun, ba ta ko yi jim ba. Washegari na sake tambaya, sai ga buhunansa. Ashe manhajar ba ta ganin abin da aka shigar yau sai gobe, kuma ko layi ne ya katse, amsar da take dawowa da ita iri ɗaya ce da ta babu. Ka san wannan sarai, amma ko'ina a jagoran ba ka faɗa ba. Ka yi tunanin Kawu da hawan jininsa, waya ta ce masa noman shekara bai shiga ba.

Na duba daga farko har ƙarshe, babu wuri ɗaya da ka rubuta cewa manhajar ba za ta iya wani abu ba. Na yi dariya ni kaɗai, don na gane mai rubutun. Halin gidanmu ne. Baba, Allah ya jiƙansa, ko hanyar da bai sani ba aka tambaye shi, sai ya nuna wata, don kada baƙo ya tafi da kunya. To mutum yana gane kara, na'ura ba ta ganewa. Ka ƙara shafi guda na abin da ba ya yiwuwa, in ba haka ba ba zan ce ya wuce ba.

Yayarka,
Ummul Khairi

*

Ƙanena Khalid,

Sallama da gaisuwa. Da fatan ka tashi lafiya, lafiya ta gaske nake nufi.

Shiru ka yi mini tun waccan takardar. In fushi ne, yi abinka, ni na goya ka, na san ba ya daɗewa.

Amma ba don jagoran na sake rubutowa ba. Salamatu maƙwabciyarmu ta dawo daga Yamai. Ta ce ta gan ka a bakin farmasi, sai da ka yi magana ta gane ka, rigarka kamar ta aro. Ta ce ta miƙa maka kilishin da Inna ta aika, ka yi ta godiya, ko buɗewa ba ka yi ba. Kai da ake ɓoye wa kilishi a saman katanga!

Ban gaya wa Inna ba. Tun ranar nake zaune gaban ordinatar ina kallon wannan amsar ta manhajarka, wadda ba a sanin ko babu komai ne ko layi ne ya katse. Haka lafiya lau ɗinka ta zame mini. Tsoro nake ji, Khalid, kuma na gaji da zato. Ba ni da wani ƙane bayan kai.

Taka har kullum,
Ummul Khairi

*

Yamai

Zuwa ga Yaya Ummu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da maigidanki. Ya ɗalibai?

Ba fushi na yi ba, kunya ce. Na ƙara shafin. Na rubuta cewa manhajar ba ta ganin shigarwar yau, kuma idan amsa ta dawo wayam, kada na'ura ta ce babu, ta ce ba ta sani ba tukuna, ta sake tambaya. Na gwada da sunan Kawu ranar da ya sake kai gyaɗa, sai ta ce ya yi haƙuri zuwa gobe. Shugabanmu ya ce wannan shafin ya fi burge shi, na ce aikin yayata ne.

Ga nawa shafin, tunda shi kike jira. Gyambon ciki ne, tun kafin azumi. Ba na iya cin yaji, ba na iya zama a biro wurin aiki har yamma. Likita ya ce zai warke in na huta, na kuwa nemi hutu an ba ni. Daga yau in na ce miki lafiya lau da sauri, kada ki karɓa, ki sake tambaya.

Ran Juma'a zan iso a motar safe. Ki gaya wa Inna a hankali, ta dama mini kunu marar yaji. Kuma Yaya, ki zo tasha ki tarbe ni. Ba zan iya ɗaukar jakar ni kaɗai ba.

Ƙanenki,
Khalid