Irin Accarki Bai Mutu Ba, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Da kina nan da na tambayi lafiyarki da ta gwiwarki mai ciwo, amma an gaya mana inda kike babu ciwon gwiwa, don haka na ajiye wannan tambayar. Mu a nan Kafanchan muna lafiya. Surukinki Danladi yana gaishe ki, kuma tumbinsa yana nan yadda kika bar shi.

Na san da a waya muke, ba za ki bar ni in kai ƙarshen gaisuwar nan ba. Za ki katse ni da tambayarki ta kullum: “Rifkatu, kin ci abinci?” Ko ranar da na kira in gaya miki an ƙara mini girma a makarantar da nake koyarwa, sai da kika fara bin bahasin cikina kafin ki yi guɗa. Ki ɗan yi haƙuri, zan ba ki amsa. Akwai labari a gabanta, kuma kin san ni da dogon bayani, aikin malanta ne ya ɓata ni.

Kin tafi a watan Afrilun bara, ana jiran ruwan farko. Aka yi jana'iza, aka kwashe kujerun haya, 'yan gaisuwa suka watse, kowa ya koma harkarsa. Na ɗauka ni ma zan koma tawa. Sai wani nauyi ya zo ya zauna mini a ƙirji ya ƙi tashi. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, sai in manta abin da na zo rubutawa. Na daina zuwa koyon waƙa a majami'a. Na saki labulen ɗakina, ya yi watanni ban ɗaga shi ba. Abinci kuwa, Mama, in na sa a baki kamar ina tauna takarda. Shayi da biskit da lemon kwalba su suka riƙe 'yarki, ke da ba ki yarda biskit abinci ne ba.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wasu suka ce addu'ata ce ta yi sanyi. Wata ta ja Danladi gefe ta ce masa a bincika, hannun mutanen ƙauye ne. Allah ya saka wa surukinki, bai saurari kowa ba, ya ɗauke ni sai asibiti. Likitar, wata yarinya da ba ta kai ni shekaru ba, ta zauna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wannan ciwo ne kamar hawan jini, sunansa ciwon damuwa, kuma ana warkewa. Ta rubuta mini magani. Ta ce maganin zai yi nasa aikin, ni ma in yi nawa: in ci abinci na kirki, in fita in taka da safe rana ta taɓa ni, kada in zauna ni kaɗai. Na gyaɗa mata kai irin yadda ɗalibaina suke gyaɗa mini in ba su gane komai ba. Maganin na sha shi ba fashi, ya kuma ɗan sassauta mini. Sauran ukun ko ɗaya ban yi ba.

Haka muka kai watan Mayun bana. Ran nan sai ga ƙaninki, Kawu Bitrus, daga Godogodo a kan tsohon mashin ɗinsa. Bai ce mini “sannu da jiki” ba, bai yi mini fuskar tausayin da kowa yake yi mini ba. Ya kwance wata gora daga bayan mashin ya dire ta a kan teburin falona. Tun kafin ya yi magana na gane ta, gorarki ce mai toshiyar totuwa, wadda take rataye a madafinki.

Ga abin da ya ce, ban rage ko kalma ba: “Irin acca na uwarki ke nan. Daga hannun kakarki ya fito. Ya kwana damina ɗaya ba a shuka ba, in ya sake kwana ya mutu ke nan. Ni citta na ya ishe ni aiki. In ba ki zo ba, gona na uwarki masara zan sa.” Ya sha ruwa kofi biyu, ya hau mashin ya tafi.

Kwana uku ina jin haushinsa. Mutum ana fama da shi ya tashi daga gado, shi kuma ya kawo masa gona! Amma gorar tana nan kan tebur, duk inda na bi sai na ji ƙanshin hayaƙin madafinki a jikinta. Igiyar wuyanta ma ƙullinki ne. Na zauna na yi tunani: wannan iri ya bi hannun mata biyu, ya tsallake yunwa da fari, sai a hannun 'yar boko zai mutu cikin falo mai fanka? Rana ta huɗu na ce wa Danladi ya kira Kawu ya ce a kira gayya.

Asabar ta farko a watan Yuni muka hallara a gonarki ta Godogodo. Matan zumunta na majami'arku suka zo, maƙwabtan Kawu suka zo da garemaninsu, mun kai mu ashirin. Da sassafe Kawu ya sa aka ɗebo yashi daga rafi, ya nuna mini yadda ake gauraya shi da irin kafin a watsa, domin ƙwayar acca ta yi ƙanƙanta, in aka watsa ta ita kaɗai sai ta taru wuri ɗaya. Ban taɓa sanin haka ba. Laifinki ne, Mama. Tun ina shekara sha ɗaya kika tura ni makarantar kwana kina cewa, “Hannunki na biro ne.”

Kin san al'ada, mai gona shi yake ciyar da 'yan gayya. Matan suka ce in zauna su dafa. Na ce a'a. 'Yar Saratu, wadda ake ba da labarin faten accarta har Kafanchan, a dafa mata a gonar uwarta? Na shiga ɗakinki na sami sauran surfaffiyar accarki a bokiti mai murfi. Na wanke ta yadda nake wanke shinkafar buhu, na zuba ruwa na tsiyaye, na sake zubawa na tsiyaye, shi ke nan. Na sa yakuwa, na sa alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa. Ƙanshi ya tashi har masu noma suna waiwaye. Ba zan ɓoye miki ba, har da ɗan taƙama na yi wajen sauke tukunyar.

Aka zauna ƙarƙashin ɗorawar nan. Kawu ya yi addu'a doguwa irin tasa, mutane suna haɗiyar yawu. Aka ce amin, kowa ya kai cokali baki. Sai wuri ya yi tsit. Can sai na fara jin ƙaras, ƙaras, ta dama da ta hagu. Yashi, Mama! Mutum ashirin suna tauna yashi, kuma babu wanda ya ce uffan, domin kowa yana lallaɓa ni kamar ƙwai. Wata tsohuwa har tana gyaɗa kai wai ya yi daɗi, ga hawaye a idonta.

Kawu ne ya juya ya tofar, ya goge baki ya ce, “Malama, ashe kin ga mun gauraya iri da yashi, shi ne kika gauraya namu ma. To jama'a, an shuka mu. Kowa ya sha ruwa ya jira ya tsiro.”

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Wata goma sha huɗu rabona da jin muryar dariyata. Na yi ta yi har na zame daga kan kututturen da nake zaune, wuri ya kaure gaba ɗaya, tsohuwar nan ta samu ta tofar da nata. Dariyar ta juye ta zama kuka, kukan da ban iya yi ba ko ranar jana'izarki. Matan ba su ce in yi shiru ba. Suka kewaye ni suka ɗauki waƙar da kike so, ɗaya tana bubbuga bayana har na gama. Daga nan aka koma kan faten, aka bar tauna aka kama haɗiya, tukunya ta ƙare tas. Da yamma muka watsa irin.

Labari ya riga ni isa Kafanchan. Ran Litinin sai ga Hajiya Asabe, ƙawarki ta kasuwar Kafanchan, wadda kuka yi shekara talatin rumfa na jingine da rumfa. Kunya ta kama ni, domin bara ta kawo mini naman Sallah kamar yadda take kawo miki, ina ciki ina jin sallamarta na ƙi buɗe ƙofa. Ba ta ko ɗaga zancen ba. Ta ajiye ƙwarya biyu a gabana ta ce, “Ɗiyar Saratu ta ciyar da mutane yashi? Wallahi ba ina raye ba. Ɗauko ruwa.”

Ita ta koya mini regewa. A zauna a 'yar kujera, a zuba acca da ruwa a ƙwarya, a riƙa juyawa a hankali, accar tana gangarawa ta bakin ƙwarya zuwa ɗayar, yashin yana kwanciya a ƙasa. A zubar da shi, a sake. In na yi sauri sai ta buge mini hannu ta ce, “Uwarki cewa take acca ba ta son mai gaggawa.” Awa guda muka yi a kan mudu ɗaya. Abin da na lura shi ne, duk tsawon awar nan zuciyata ba ta je ko'ina ba, tana cikin ƙwaryar. Tun daga ranar duk Alhamis tana zuwa, muna regewa tana ba ni labarin rigimarku, kuma ba ta tafiya sai ta ga na cinye kwanona.

Amma satin farko bayan shukar nan da fargaba na yi shi. In irin ya riga ya mutu, ni na kashe shi da zaman ɗaki. Kawu bai kira ba, ni ma na ji tsoron kiransa. Ran Asabar na sauka a mota a Godogodo na nufi gonar. Da na zagaya bayan ɗorawa sai na ga ƙasa ta yi kore-kore, siriri kamar gashin jariri. Ba duka ya fito ba, gefen rafi ya yi sanƙo, amma fiye da rabi ya tsiro. Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasar da zanena mai kyau na gode wa Ubangiji.

Daga nan gonar ta kama ni. Kowace Asabar ina can ina cire ciyawa, kuma kada ki tambaye ni accar nawa na tuge ina zaton harkiya ce. Don kada ƙafata ta riƙa ba ni kunya gaban tsofaffi, na fara tattaki kowace safiya ta gefen layin dogo kafin in tafi makaranta, Danladi yana biye da ni yana haki. Na sallami biskit. Kunun acca da tsamiya da safe, fate ko tuwo da miyar ganye da rana, shayin cittar Kawu da yamma. Barci ya dawo da kansa. Na koma cikin mawaƙa, muryata ta ɗan yi tsatsa amma ba a kore ni ba.

Tunda a shafina na intanet na sa wasiƙar nan, akwai masu karanta ta tare da ke, ki bar ni in faɗi gaskiya saboda su. Ban ce fate ya maye gurbin asibiti ba. Har yanzu ina ganin likitata, ita ce da kanta ta rage mini maganin da ta ga na samu sauƙi. Akwai kuma ranakun da nauyin yake leƙowa. In ya zo yanzu ba na sakin labule, ƙwarya nake ɗaukowa, ko in kira Hajiya.

Mun yanke accar a watan jiya. Muka tara dammuna suka sha iska, matan zumunta suka tattake ta da ƙafa suna waƙa, ni ma na tuɓe takalmi na shiga. Kafin a taɓa ko ƙwaya ɗaya don ci, sai da na cika gorarki har wuya da sabon iri, na toshe da sabuwar totuwa. Igiyar ban canza ba.

Asabar da ta wuce na kira duk waɗanda suka ci yashina. Sau bakwai na rege accar, Hajiya tana tsaye a kaina. Aka zauna ƙarƙashin ɗorawa, Kawu ya kai cokali baki, kowa ya zuba masa ido. Ya tauna a hankali ta dama, ya mayar hagu, ya sake dawowa da shi, yana nema. Da bai samu ba ya ce, “Ya yi. Amma gishiri na uwarki ya fi zama.” A bakin Kawu, kin san wannan lambar yabo ce.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, Mama, ya sa mu sake saduwa da murna. Ya ja kwanan Kawu Bitrus da bakinsa, ya saka wa Hajiya Asabe da alheri, ya ƙara wa Danladi haƙuri. Duk wanda yake zaune yau bayan sakakken labule, Allah ya aiko masa da wanda zai buga ƙofa bai gaji ba. Amin.

Yanzu ki yi tambayarki, na shirya.

Na ci, Mama. Har na ƙara.

'Yarki mai ƙaunarki,
Rifkatu