Takardar Mutuwar Cleto

Cebu, 9 ga Agusta

Zuwa ga yayata, Manang Seling,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar nan taki, har yanzu tana kumbura in an yi ruwa? Ki gaishe mini da mijinki Manong Pedring da yara da jikoki, har waɗanda ban taɓa gani ba. Ni lafiyata ƙalau, sai godiyar Ubangiji.

Na san za ki ce Isang ba ta rubuto wasiƙa sai da dalili. Gaskiyarki. Shekara biyu ke nan ina ɓoye miki cewa ni da Goding, abokin zamana, ba mu da ɗaki. Tun da gobara ta cinye unguwarmu muke kwana a ƙofar wani shagon kayan gini kusa da kasuwar Carbon. Na ƙi gaya miki ne don na san bakinki. Kuma a garin nan sanyi ba ya kashe kowa, kwali biyu da leda sun ishi mutum. Da rana ina sayar da kyandir a bakin cocin Santo Niño, wanda ya saya in yi masa rawar addu'a da sunansa, Goding kuwa yana taka kekensa na ɗaukar fasinja. Muna ci, muna faɗanmu, muna shiryawa.

A watan Yuni jininsa ya hau, ya faɗo daga kan keken. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. In ya yi magana ba mai ganewa sai ni. Da aka sallame mu daga asibiti, wata ma'aikaciya mai suna Madam Jovelyn ta samar mana wuri a gidan marasa matsuguni. Akwai gado, akwai banɗaki mai ƙofa, ga shinkafa sau uku a rana. Ranar farko na daɗe a ƙarƙashin famfo har matan suka fara buga mini ƙofa.

To amma maza ɓangarensu daban, mata daban, ba a haɗuwa sai a tsakar gida daga ƙarfe uku zuwa huɗu. Akwai ɗakunan ma'aurata guda huɗu, ɗaya ba kowa a ciki, na leƙa ta taga na ga har da koren labule. Madam, wadda ke kirana Nanay kamar uwarta, ta ce, "Nanay, takardar aure kawai za ki kawo, gobe ku tare." Na ce mata, "'Yar nan, shekara talatin da ɗaya ina wanke wa mutumin nan wando, wace takarda ce ta fi wannan?" Ta yi dariya, ta ce doka ce ba ita ba. Ta ce a watan Oktoba hukuma za ta ɗaura wa talakawa aure kyauta, bari ta sa sunanmu. Tana buga sunana a na'ura sai ta tsaya tana duba abin da ya fito. Can ta ce, "Nanay, ai kina da miji."

Cleto, Manang. Mijin aurena da na gudu na bari shekara talatin da huɗu da suka wuce, ranar da ya sha giyar kwakwa ya karya mini haƙori. Kin san ƙasar nan ba saki, raba aure a kotu kuwa na masu kuɗi ne. Madam ta ce hanya ɗaya ta rage, in ya mutu a kawo takardar mutuwarsa.

Don Allah ki hau mota ki je ƙauyensu ki bincika mini. Mai shan giya irin tasa da wuya ya kai yanzu. In ya riga mu, ki karɓo takardar a ofishin ƙaramar hukuma ki aiko mini ta hannun Madam.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Isang


Cebu, 14 ga Satumba

Manang Seling,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa lafiya. Shirun ya yi yawa. Ko wasiƙata ba ta iso ba ne, ko kuwa fushi kike don na ɓoye miki maganar gobara? In fushi ne ki ajiye shi, in na zo kya zage ni son ranki.

Goding yana ƙarewa. Mutum ɗaya ke kula da maza arba'in a ɓangarensu, ba ya da lokacin zama da cokali. Shi kuma Goding sai an dama masa shinkafa ruwa-ruwa da citta, a ba shi ta gefen hagu, a jira ya haɗiye. In aka yi sauri sai ya ƙware. Tun da ya ƙware sau biyu ya daina buɗe baki ga kowa. Abincin da nake ba shi da ƙarfe uku shi ne na yini guda, kuma kafin mu kai rabin kwano an kaɗa ƙararrawa. Wandon da ya zo da shi yanzu da igiya nake ɗaure masa.

Shekaranjiya da safe na ji muryarsa ta bayan katanga. Su suna jin ihu ne kawai, ni kuwa na san bayan gida yake nema. Na nufi ƙofarsu, mai gadi ya tare ni. Ya ce, "Nanay, ina za ki? Saurayi kika yi a ciki?" Na ce, "Eh, kuma ya fi ka kyau da karkataccen bakinsa, matsa mini." Bai matsa ba. Da ƙarfe uku aka turo mini Goding a keken guragu, ya ƙi kallona don kunya. Mutumin da ko rigarsa ba ya bari ta yi datti.

Akwai abin da ke damuna, ban iya gaya wa Fada na cocinmu ba, ke zan gaya wa. Ran Juma'a na je coci da kyandirori na. Kin san aikina, mutum ya ba ni suna in roƙa masa lafiya da tsawon rai. Da ciniki ya lafa na zaro jan kyandir guda ɗaya daga cikin nawa, na kunna, na ambaci sunan Cleto. Ban roƙa masa lafiya ba, Manang. Na ce Ubangiji ya sa ya riga ya tafi, in kuma bai tafi ba a hanzarta. Har rawar na yi. Tun ranar in na ɗaga kyandir don wani sai hannuna ya yi nauyi, ina jin kamar mai sayar da ruɓaɓɓen kifi.

Madam ta ce wasu miji da mata masu jariri suna jiran ɗakin, kuma su da takardarsu. Ta riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata, daga nan ba ta da iko. Ki taimake ni ki je.

Taki,
Isang


Cebu, 6 ga Oktoba

Manang Seling, 'yar uwata,

Gaisuwa da godiya. Wasiƙarki ta iso ran Litinin. Sannu da hanya, na san abin da tafiyar nan ta yi wa ƙafarki, Ubangiji ya saka miki.

Sau uku na karanta. Wato Cleto yana nan garau, ya bar giya, har kwakwa yake hawa. Yana da mace shekara talatin da 'ya'ya biyar, su ma ba takarda. Inda kika ce da ya hango ki da baƙar lema ya taso da sauri, ya cire hula, ya ce, "Isang ce ta rasu?" matar kuma ta fito daga kicin tana goge hannu, nan na ajiye wasiƙar. Na yi dariya har matan ɗakinmu suka zaci na zare, daga baya kuma dariyar ta koma kuka. Ashe shi ma mutuwata yake jira. Wa ya sani ko kyandir nawa matar nan ta ƙona a kaina? Ban ga laifinta ba.

An ba masu jaririn ɗakin. Na taya yarinyar shimfiɗa tabarma, labulen ma ashe ya yage ta ƙasa.

Na fitar da Goding ran Laraba. Madam ta biyo mu har bakin titi tana cewa, "Nanay, damina ba ta wuce ba, ki yi tunani." Na ce na yi. A ciki yana da rufi amma ba ya ci, a waje ko ba komai zan ba shi abinci sau uku. Ta sa na sa hannu a wata takarda cewa da kaina na tafi, ta ba mu bargo da maganin wata guda, idonta ya yi ja. Ba na riƙe ta a zuciya.

Kekensa yana nan inda abokansa suka ajiye masa. Na ɗora shi a kujerar fasinja, na rufa leda a sama, ina turawa. Da rana ina ajiye shi a inuwa kusa da coci inda zan riƙa ganinsa. Ya yi wata magana da muka fito, na gane sarai, wai shekara talatin yana ɗaukar mutane, yau ga shi ya samu direba mai baƙin hali. Jiya ya cinye kwano guda har ya nemi ƙari. Amma tun ruwan shekaranjiya yake tari, kuma ina jin tsoro, Manang. In wani abu ya same shi a titi, ni na fito da shi.

Na sake kunna wa Cleto kyandir, wannan karon na roƙa masa abin da nake roƙa wa kowa, har da matar, ko da yake ban san sunanta ba. In za ki rubuto, ki aiko ta hannun masu kyandir na ƙofar coci, kowa ya san ni. In kuma hanya ta sake bi da ke ƙauyensu, ki gaya wa Cleto lafiyata ƙalau, ya yi haƙuri.

Ƙanwarki har kullum,
Isang