Ki Zauna a Leeds, Pauline

Zuwa ga Pauline, hasken tagata a tsakiyar watan Janairu, furen da ke fara leƙowa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, tsuntsuwa mai jan ƙirji da ke sauka a kan shingen zuciyata, ranar hutu guda tak da gari ya waye ba a yi ruwa ba! Uwargidana, uwar Hazel, ɗalibar shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta. Wannan na ƙarshen a hankali na rubuta shi, don in daɗe ina kallonsa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ana ruwa a nan. Na san can ma ana yi. To, mun sauke wannan nauyin, sai mu shiga abin da ya zaunar da ni.

'Yarki ta bugo mini waya jiya, ta ce ranar Litinin za ki je ofishin sashenku ki ajiye karatu, ki tattaro kayanki ki dawo gida jinyata. Pauline! Saura 'yan watanni ki gama? Saboda ƙugun tsoho?

Gaskiya ne na zame a matakalar hasumiyar coci. Gaskiya ne ƙashin ya ɗan tsage. Gaskiya ne kuma ina kwance a ƙasa na ba Roy, shugaban masu kaɗa ƙararrawa, haƙuri don na tare masa hanya, sannan na roƙi masu motar asibiti kada su wahalar da kansu. Da kika bugo kika tambayi lafiyata na ce ba laifi, na ba ki labarin iskar da ta kayar da kwandon shararmu. Me kike so in ce? Mutum ya shekara saba'in yana cewa ba laifi, sai yau don ƙashi ɗaya ya koyi sabon yare? Maƙwabciyarmu Doreen ce ta tsegunta miki, na sani. Da safen nan ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Baban Hazel, ni fa ban ce komai ba, cewa kawai na yi kana tafiya kamar kujera mai ƙafa uku." Na yi mata godiya. Ya zan yi?

Ya ke sanyin idona, ki tuna ranar da na fara ganin ki. A ɗakin igiyoyi ne na wannan hasumiyar da ta kayar da ni. Mu takwas a tsaye a da'ira, kowa da igiyar ƙararrawarsa, kowane zagaye jerin kaɗawar yana sauyawa, kuma ƙa'ida ita ce jerin da ya wuce ba ya sake dawowa har a koma mafari. Ni sabon shiga, hannu da ƙarfi, kai a warwatse. Ana tsaka da yi na ɓace, ban san wa zan bi ba, gumi yana gangaro mini, ƙauye duka yana sauraren kunyata daga sama. Sai na ga wata yarinya mai koriyar rigar sanyi ta ɗaga gira ɗaya ta nuna mini mutumin hagu. Na bi shi. Ta sake ɗagawa. Haka kika riƙe igiyarki da hannu, kika riƙe tawa da ido, har muka sauka lafiya. Daga baya muna zaune a kan katangar coci muna cin kifi da soyayyen dankali a cikin takarda, yayyafi yana jiƙa mu, kowa yana nuna bai lura ba, kika dube ni kika ce, "Kai, saurayi, ƙarfi kam akwai, lissafin ne dai aka bari a gida." Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba! Tun ranar nake bin girarki, ban kuma sake ɓacewa ba.

Shekara da shekaru kina bayan kantar gidan waya kina manna kan sarki, kina feraye dankali kina shirya jerin ƙararrawa takwas a cikin kanki, leɓenki yana motsi, ni ina zaton addu'a kike yi mini. Wa ya san abin da ke cikin wannan kan? Ni na sani. Da kika yi ritaya kika ce za ki jami'a, mutane suka ce, "Kai, abin sha'awa," wato sun ɗauka kin zautu. Ni na tashi na ɗora butar shayi, don da na tsaya a gabanki da kin ga hawaye.

Kuma na gan ki a can da idona. Na ga kin riƙe wa mutum ɗaya ƙofar ɗakin lacca, sai ga aji guda yana wucewa, kowa yana godiya, ke kuma kin kasa sakin ƙofar har malami ya fara. Na ji kin ce wa kwamfuta ta yi haƙuri don kin danna mata madanni da ƙarfi. Amma na kuma ga yaran nan, sa'o'in jikokinmu, sun yi layi a bayan kujerarki, layi na gaske, babu mai tsallake wani, kowa da kuskuren da ya hana manhajarsa tashi. Wani dogo mai zobe a hanci ya ce, "Goggo Pauline, don Allah duba mini, tun safe take zagi na." Kika ɗaga gira ɗaya, kika nuna masa layi ɗaya a allon. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da lemata, ƙirjina ya cika har na ji maɓallin rigata yana kuka. Matata ce wannan! Tawa! Na so in faɗa da ƙarfi, sai na tuna inda nake, na ce wa mai gadi da alama za a yi ruwa.

Yanzu kuma ga aikinki na ƙarshe, manhajar da ke shirya jerin kaɗawa sabo fil, wanda babu hasumiyar da ta taɓa jin sa, babu kuma zagayen da ya maimaita ɗan'uwansa. Rabin da kika aiko, Roy ya sa gilashi ya duba, ya ce, "Matar nan so take ta kashe mu." Tun daga ranar suke gwada shi duk Laraba. Rabi ne fa kawai a hannunsu, Pauline. Sukan kai tsakiya su tsaya, igiya a hannu, ƙauye ya yi tsit kamar an katse wa mutum magana. Wa zai ba su sauran? Ni, da aka bar lissafina a gida?

Ba zan ɓoye miki ba, ina kewar ki. Kewar da ciyawar tudu ke yi wa rana a watan Disamba, kewar da bakin teku ke yi wa ruwa idan ya janye ya bar laka da kwale-kwale a kwance. Har yanzu kofi biyu nake saukowa da su. Gefenki na gado sanyi ƙalau, kujerarki tana kallo na kamar ni na kore ki. Amma ruwan da ya janye da lokacinsa yake dawowa, ba don laka ta yi kuka ba.

Jinya kuwa, ta yi mini yawa. Hazel tana zuwa duk ƙarshen mako. Layinmu kaf sun ɗauke ni aikin gayya, kowace mata da kwanonta, ni kuma ban iya cewa a'a ba, har firji ya daina rufuwa. In akwai abin da ke barazana ga rayuwata, gasasshen naman Doreen ne, ba ƙugu ba.

Don haka ina roƙon ki, ya ke farin watan da ke kan gonakin alkama, ranar Litinin ki wuce ƙofar ofishin nan ko kallo kada ki yi mata. Ki zauna. Ki gama. In kuwa kika ƙi, kika sauko daga jirgin ƙasa da akwatinki, to ki sani zan aikata abin da babu namijin gidanmu da ya taɓa aikatawa. Zan tsaya a tsakiyar tasha, da sandata, a gaban jama'a, in ɗaga murya in ce ban ji daɗi ba. Kada ki sa ni, Pauline. In na yi, sai mun bar garin don kunya.

Kin jira ni shekaru ina koyon abin da kika iya tun kina yarinya. Bari ni ma in jira ki 'yan watannin nan, da ƙafa uku, da zuciya ɗaya.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a kaɗa mini ƙararrawar ƙarshe,

Mijin ɗaliba,
Trevor