Hoton da Baba Ya Gani

Daren Asabar, Satumba 2017, unguwar Shisha

Yanzu muka dawo daga Jidda, wurin kallon wasan jiragen sama. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma alhamdulillahi.

Na so in hana Baba zuwa saboda zafi da cunkoso, ya ce sam. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana lodin kaya a filin jirgi, yau ciwon suga ya ci masa ido, sai abin da aka kai masa dab da hanci yake gani. Na yi masa alkawarin zan ɗauko masa jiragen wasan nan a hoto.

Sau uku suna wucewa ta saman teku, sau uku ina ɗaukar hayaƙi kawai. Na ce, "Baba, khalas, shi ke nan, sun fi ƙarfina."

Ya yi dariya. "Ƙara kike bi, ya binti, 'yata. Ai jirgi yana riga ƙararsa wucewa. In kin ji ta nan, ki neme shi can gaba."

Na yi yadda ya ce, na bi su da kyamara ina dannawa. Cikin tarin da na ɗauka, ɗaya ya fito tas.

A mota na ƙara wa hoton girma a kyamarar, na miƙa wa Baba. Ya manna fuskarsa a kai, ya daɗe yana bi da yatsa. Can ya ce, "Shida ne. Na gefen nan ya ɗan yi baya."

Na karɓa na duba. Wallahi haka ne, ni mai ido ban lura ba.

Allah na gode maka. Gobe zan kai hoton unguwar Zahir a wanke masa shi babba.