Na Ce Masa Mai Haƙori, Ya Je Yamai Ya Sayo Haƙori

Salamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka sakaya sunana don Allah, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. 'Yan'uwa shawara nake nema, ku taimaka ku ba ni, don zuciyata tafasa take yi kuma ina tsoron in yi abin da zan yi nadama.

Ni direban katafila ne, ƙaramar fel mai gina rami nake tuƙawa, a wani ƙauye tsakanin Dogon Dutsi da Matankari. Injin ba nawa ba ne, wata furoje ce, wato shirin tallafi na raya karkara, ta bar wa ƙungiyar da ke kula da dajinmu, yayana kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne shugaban komiten ƙungiyar. Aikinmu mu kwashe manyan itatuwan da iskar damina ta kayar ko suka bushe, mu kai kasuwar itace, ɗanye kuwa ba a taɓa shi. Da sarƙa muke ɗaure gungume a jikin bokitin injin mu ɗaga, aikin ganganci ne, don bara wani gungumen gawo ya suɓuce ya karya wa wani magidanci ƙafa, har yau da sanda yake tafiya. Daga nan aka amince a sayo grafan, wato ƙarfen nan mai kama da baki da ake ɗaura wa injin, ya buɗe ya damƙi gungume ya aza a mota ba sai mutum ya shiga ƙarƙashi ba.

Lokacin da za a je sayayya ina Sukukutane muna yasar wani tafki, sai Yaya ya kira ni ya ce me sunan abin. Na ce grafan. Shi bai yi lakwal ba, wato boko, ya ce in bar masa Faransanci in faɗa masa da Hausa, ni kuma ina cikin ƙarar inji na ce, mai haƙorin nan ne da ke cizon icce. Nan na yi nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Ya je Yamai wajen masu sayar da tsoffin kayan inji ya ce haƙorin katafila yake so, su kuma a wajensu akwai abin da sunansa ke nan, haƙori, wani ƙaton ƙarfe guda ɗaya mai lanƙwasa da ake fasa dutse da tsage ƙasa da shi. Suka ɗora masa. Mutumin da ko rago ya gani a kasuwa sai ya turo mini hoto, wannan bai turo ba. Kafin in dawo har ya kai wa mai walda an yanke kunnuwan da ake maƙala shi da su an gyara su daidai da injinmu, ke nan babu zancen mayarwa.

Da na ga abin a ƙofar gida wallahi sai da na zauna. Na ja shi gefe na ce Yaya wannan ba ya ɗaukar ko muciya, ƙasa yake tsagewa. Maimakon ya ce an yi kuskure sai ya hau ni da faɗa, wai ni na ce haƙori ga haƙori, in kuma ina da wani suna me ya hana in faɗa. Na ce na faɗa, shi ya ce in sauya. Na ba shi shawara mu je gaban komite tare, in ɗauki rabin laifin ya ɗauki rabi, a sayar da shi ga masu fasa dutse a nemo na gaskiya ko da sai baɗi. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutanen da suka zaɓe shi ya ce bai san abin da ya sayo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya yi bayan nan. Ya tara komite ba na nan, ya murje ido ya ce da gangan ya sayo wannan, wai ni da shi muka yi nazari muka ga ya fi amfani, za a tumɓuke kututturan da ke gefen dajin na gabas da shi a dasa sabbin itatuwa a layi, ya fi kyan gani idan baƙi sun zo. Ya sa sunana a ƙaryar da ban san da ita ba. Ku da ba 'yan nan ba ne, bari in gaya muku mene ne kututturan nan. Ba matattu ba ne. Kalgo ne da sabara da geza da aka sare tun zamanin fari, saiwarsu na da rai a ƙasa, matan garinmu ne suka ɗauki shekaru suna bin su ɗaya ɗaya, suna rage tohon su bar biyu ko uku su miƙe, abin da muke kira sassaben zamani. Yanzu wasu sun fi ni tsawo. A nan suke samun itacen girki da ganyen awaki ba sai sun yi tafiyar rabin yini ba. Dashen da yake magana kuwa mun sha yi, rani ɗaya awaki da rana suke gamawa da shi. Don kawai kada a ce ya yi kuskure zai sa in tone aikin shekara da shekaru a kwana uku.

Na kai ƙara wajen mahaifiyarmu, ta ce ita dai kada in kunyata wana a bainar jama'a, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kai ni koyon injin nan. Gaskiya ne, ban musa ba. Na koma na ce masa to ni ba zan hau injin in yi wannan aikin ba, ya ce ba damuwa, akwai direbobi a Dutsi, zai kawo wani ran Litinin. Wato ko na janye hannuna ban tsirar da komai ba, wanda zai zo bai san kalgo ba bai san wadda ta rene shi ba, shara kawai zai yi.

Shekaranjiya shugabar matan, wata dattijuwa da muke kira Inna, ta tare ni a hanyar masallaci. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, “Ɗana, an ce kai ka ba da shawarar wanga aiki. Mi munka yi maka?” Faɗa mata gaskiya yana nufin in ce yayana maƙaryaci ne. Na ce mata Inna ki yi haƙuri, na wuce kamar ɓarawo.

Yau da safe na bi ta gabas ɗin, sai na tarar matan sun yayyaga tsoffin zannuwansu sun ɗaura wa kowane kututture ƙyalle, wai ko zan gani daga saman inji in kauce wa nasu. Ba wanda babu ƙyalle a jikinsa, har iyakar ganina.

Jibi bayan la'asar akwai taron gari kafin a fara aikin. Ku gaya mini don Allah, in miƙe in faɗi yadda aka yi tun daga haƙorin da ya fito daga bakina, in zubar wa yayana mutunci in ɓata wa mahaifiyata rai? Ko in je wajen ma'aikatan gandun daji a ɓoye su zo su hana, alhali na san in sun zo shi za su fara kamawa? Ko akwai wata hanyar da fushi ya hana ni gani? Masu cewa in yi shiru Allah zai kawo mafita, ku haɗa da abin da zan ce wa Inna ran Litinin in ta zo ta tsaya gaban injin.