Za a Rantsar da Ni Kan Labun Tsohonmu

Zuwa ga Malama Biba, mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwata bisa ta jama'ar da ke gabanki. Ban saba kai kuka ba, amma na rasa wanda zan gaya wa a nan Madawa ba tare da zancen ya riga ni isa gida ba. Don Allah ki taimake ni. Da ajami na rubuta, don allo kaɗai na yi, ban shiga lakwal ba, wato boko. Sunaye kuma na sake su, Allah ya yafe mini wannan ma.

Mu mahauta ne tun kakanni. Tsohonmu, bari in kira shi Ɗangana, kilishi yake saidawa bakin gudron, wato hanyar kwalta, kusa da tasha, duk direban da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi ya san teburinsa. Mu uku ya bari: yayana Maiguwa, ni, da ƙanena Surajo. Mazan wuƙa sunka koya, yankan nama falle-falle da shanya. Labu kuwa, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman ciki, innarmu ke yi cikin gida, da hannunta ya gaza na karɓa. Tsoho bai taɓa gaya wa mazan abin da ake zubawa ba, ya ce bakinsu ba ya riƙe zance. Su ma ba su tambaya ba, wai turmi aikin mata ne.

Shekara guda da rasuwarsa sunka ɓata, kuma bisa takarda. Surajo na son a buga suna a farar takarda, a naɗe kilishi a riƙa ba motocin Yamai. Maiguwa ya ce takardar siminti ta ishi Baba shekara talatin, ƙarami kuma ba ya sake abin da babba bai sake ba. Surajo ya ce surukan Maiguwa huɗu da ke rumfa ba su da aiki sai korar ƙuda da ɗanɗano. Daga nan anka raba wuƙaƙe, anka raba asabarin shanya, har itacen gashi. Ni ba wanda ya kira ni. Yanzu tebur biyu ne, taku goma tsakaninsu, kowanne da allo mai sunan Ɗangana.

Ranar rabon Maiguwa ya iske ni ɗaki, don tun rasuwar maigidana a gidan tsoho nake. Ya ce shi ne babba, labun Baba nasa ne, kada in ba yaron can. Yaron shekararsa arba'in da ɗaya. Na sunkuyar da kai ban ce komai ba, ya tashi da murna. Da la'asar Surajo ya zo, ya tuna mini ni na goye shi, ya roƙe ni kada in ba Yaya ko cokali. Na sake sunkuyar da kai.

Malama, yau shekara uku turmi ɗaya nake dakawa. Tabawa matar Maiguwa na zuwa da hantsi ta zaure da ƙwaryarta. Sa'a matar Surajo na zuwa bayan azahar ta ƙofar garka da langa. Duk wadda ta karɓa nakan ce mata ga labun Baba, kuma Allah shaida ne, shi ne.

Abin da ban zata ba, gari ya rabu. Direbobin Damagaram ba su cin kowanne sai na Maiguwa. Ma'aikatan ofishin sufurefe, babban gwamnati na yankinmu, sun ce na Surajo ya fi laushi, yajinsa bai hawa kai. Wani jandarma ya ɗanɗana na Surajo ya tofar, ya ce babu kimba ciki, ya taka goma ya sayi na Maiguwa yana ci yana lumshe ido. Da Tabawa ta ba ni labari sai da na zaga bayan rumbu na yi dariya har hawaye. Ina fara istigfari dariyar ta katse ni. Kowace salla kuma kowanensu na kawo mini zane a ɓoye, godiyar riƙe amana. Na karɓa. Na ɗaura ma.

To ranar kasuwar da ta wuce wani baƙo daga garin Buza ya tsaya tsakanin alluna biyu ya tambayi wanne ne na gaskiya. Maiguwa da Surajo sunka yi ta cacar baki sai da mutane sunka shiga tsakani. Sarkin fawa ya ce suna ɗaya ba zai zauna bisa tebur biyu ba, ya tambaye su wa zai raba gardama. Dukansu sunka ambace ni, kowa na murmushi. An sa Juma'ar sama, bayan an sauko masallaci: in dafa Alƙur'ani gaban dattawa in faɗi wanda ke da labun Ɗangana, ɗayan ya sauke allonsa. Maiguwa har ya ba da aikin sabon allo babba. Surajo ya zo ya lallashe ni kada in ji tausayin Yaya da yawa.

Rantsuwar ƙarya ba zan yi ba ko za a yanka ni. In na faɗi gaskiya gaban jama'a, tasha za ta yi musu dariya har jikoki, su kuma biyun su yanke ni, ba ni da wani ɗan'uwa na ciki ɗaya bayansu. Shaiɗan ya raya mini in ƙara citta a ƙwarya ɗaya wannan mako, don rantsuwata ta tsaya, sai dai na kasa zaɓar ta wa. Na kuma yi tunanin tafiya Keita wurin ɗiyata in ce ƙafa ke ciwo, kuma tana ɗan ciwon, amma ba har haka ba.

Ki amsa mini da wuri don Allah, kafin Juma'ar ta iso.

Ƴar'uwarki mai turmi,
Madawa

*

Ƴar'uwa,

Wa'alaikissalam. Na karanta takardarki sau biyu, kuma ni ma sai da na nemi bayan rumbu.

Ki bar citta inda take. Rantsuwar da aka gyara wa hanya tun kwana bakwai ba ta fi ta ƙarya tsarki ba, kin fi ni sani. Keita ma ba mafita ba ce, Sarkin fawa zai jira ƙafar ta warke.

Ga laifinki, ba zan ɓoye miki ba. Bakinki bai yi ƙarya ba, amma kin ga mutum biyu sun ɗauki shirunki alkawari, kin bar su shekara uku, har da zane. Ga nasu kuma, ya fi naki girma. Sun zauna rabon sana'ar ubanku ba su kira ɗiyarsa ba, suka kwashi wuƙaƙe da itace suna zaton sun raba gado, alhali abin da direbobi ke tsayawa dominsa yana ɗakinki.

Kada ki jira Juma'a. Ki aika wa kowannensu ya zo da hantsi, rana ɗaya, ban da matansu. Ki samo gwaggo ko kawun da suke jin nauyi ya zauna. Ki kwaɓa labu a gabansu, ki raba shi ƙwarya da langa, ki miƙa wa kowa nasa. Sannan ki nemi gafararsu, a taƙaice. Za su yi faɗa, ki bar su. Kunyar da aka sha cikin ɗaki tana wucewa, kuma ita za ta sa su je tare su gaya wa Sarkin fawa an shirya a gida, don ba wanda zai so tasha ta ji.

Kada ki matsa su koma tebur ɗaya. Maiguwa na da gaskiya da yake tsare tsohon ciniki, Surajo na da gaskiya da yake hangen Yamai. Kowa ya riƙe nasa, su biyun ɗiyan Ɗangana ne, labun ma ɗaya ne, ba allon da ke ƙarya.

Amma ki sa sharaɗi biyu. A yanka miki kasonki na sana'ar a fili, gaban shaida, zanen salla ba kaso ba ne. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe baki daga kowane gida ki koya masa. Sana'ar gida uku ba ta dace ta rataya ga hannun mace ɗaya ba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke duka za su rufe.

Ba za su yanke ki ba. Ko sun yi fushi, da hantsin gobe za su tuna nama na shanye yana jiran a tsoma shi. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa hannunki albarka, ya jiƙan tsohonku.

Biba